Ina shigar da duk abin da na ci a waya, amma nauyina bai ragu ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likita ya ce in rage ƙiba saboda hawan jini, sai ɗana ya sa min MyFitnessPal, manhajar lissafin abincin da mutum ya ci, a waya. Komai na ci ina shigarwa, kullum tana nuna ban wuce ƙa'ida ba, amma nauyina na nan yadda yake. Ko wayar ce ta samu matsala?
Wata uwa daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wayarki ƙalau take. Manhajar lissafi kawai take yi da abin da aka ba ta, kuma inda aka fi yin kuskure shi ne gurbin da ake sa yawan abin da aka ci. Da kansa yake nuna 1, mutane kuma sai su wuce ba su taɓa shi ba.

Ɗauko fakitin biskit ki juya bayansa. A ɗan jadawalin nan za ki ga inda aka rubuta "serving size", wato kason da kamfani ya gina lissafinsa a kai. A ce fakitin giram 120 ne, kason kuma giram 30 mai kalori 140 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Idan kika cinye shi duka da shayi, kaso 4 kika ci, kalori 560 ke nan, alhali wayar ta rubuta miki 140. Haka lemon kwalba: sau da yawa lissafin na mililita 100 ne, kwalbar kuwa 50cl ce, sai an ninka sau 5. In sukarin giram 10 ne a kowace 100, kin sha giram 50 a zama ɗaya, kusan iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini guda. Ki kuma lura da lambobi biyu da ke jere, kJ da kcal. Ta kcal ake so, ita ce kalori. kJ ta ninka ta sau huɗu da 'yan kai.

Wani abin da ke damuna shi ne yawancin bayanan da ke cikin manhajar masu amfani da ita ne suka shigar. Za ki nemi sunan taliyar da aka sayo a kasuwar Singa, ta kawo miki ta wata ƙasa mai nauyi daban. Ki gwada da rubutun jikin ledar. In sun saɓa, na ledar za ki bi.

Abincin gida kuwa, tuwo, shinkafa da wake, ƙosai, ba su da takarda, kuma "faranti ɗaya" ba ma'auni ba ne, don farantin kowane gida daban. Ki sa a sayo miki ƙaramin sikelin kicin mai batir. Ki ɗora farantin ba komai, ki danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan ki zuba abincin. Wajen zaɓa a waya ki tabbatar dafaffiya kika danna: giram 100 na ɗanyar shinkafa kalori wajen 360 ne, dafaffiya kuwa wajen 130, saboda ruwan da ta sha. Kada ki manta da man da aka yaryaɗa a kan garau-garau, babban cokali ɗaya ya kai kalori 120.

Tunda hawan jini ne, layin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ma ki riƙa dubawa. Ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne yawan gishirin, kuma abin da ake so kada gishirin ya kai giram 5 a rana, har da na dunƙulen da ke cikin miya. Ki yi mako biyu kina aunawa, sannan ki kai wa likitanki wayar ya duba lissafin da kansa.