Amsa Kan Zaman John A. Macdonald a Majalisar Kanada

Ka tambaya ko ta yaya mutumin da aka haifa a Sikotilan ya zama firaministan Kanada na farko, kuma yaushe ya shiga majalisa.

An haifi Macdonald a Glasgow a 1815, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa garin Kingston na Kanada a 1820, ya taso ya zama lauya. A lokacin Kanada tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, don haka haihuwarsa a Sikotilan ba ta hana shi takara ba. A 1844 aka zaɓe shi wakilin Kingston a majalisar lardin Kanada, wato shekara 23 kafin haɗewar lardunan da ta kafa ƙasar Kanada a 1867, lokacin da ya zama firaminista. Ya yi murabus a 1873 saboda badaƙalar kwangilar layin dogo, ya dawo a 1878, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1891.

Ka kiyaye kada ka rikita shi da John Sandfield Macdonald, shugaban gwamnatin Ontario na farko, wanda haifaffen Kanada ne. Batun makarantun kwana da aka tilasta wa 'ya'yan 'yan asalin ƙasar kuwa, ka tuntuɓi malamin tarihi, domin a ganina nan ne tarihinsa ya fi nauyi.