Kafin ka sayi fitila, fara da abin da zai fitar da muryarka

Tambaya: Malam, ni ɗalibin digiri na biyu ne a Samaru. An karɓi takardata a wani taron ƙara wa juna sani da za a yi ta Zoom, an ba ni minti 15. Kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Abokaina sun ce in sayi fitilar zobe irin ta 'yan TikTok, ko kyamarar da ake maƙala wa laftof. Wanne zan fara saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ko ɗaya. Mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar murya ta fara yankewa sai kowa ya koma kan wayarsa. Ka nemi iyafis mai igiya wanda yake da makirfo a jiki. Na fi son mai igiya a kan na Bluetooth saboda ba ruwansa da caji, ba zai mutu maka ana tsakiyar magana ba. Abin da ya rage ka zuba shi a data da fawabank. Awa guda da bidiyo a kunne na iya lashe kusan gigabait ɗaya, don haka kada ka shiga da ragowar datar wata. Ka tanadi layi na biyu na wani kamfani daban a wata wayar, in wannan ya yi gardama ka koma wancan.

Haske kuwa Allah ya ba mu kyauta a Zariya. Ka zauna kana fuskantar taga. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ba taga baya, sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Ɗora laftof ɗin a kan littattafai har kyamarar ta zo daidai idonka, in ba haka ba silin da ƙasan haɓarka za a yi ta kallo.

Sai ɗakin da za ka zauna. Ɗaki mai tayil wanda babu labule yana amsa kuwwa. Mai kafet da katifa ya fi, ko da bai kai wancan kyau ba. Kauda fanka daga saitin bakinka, don iskarta a makirfo kamar guguwa take a kunnen mai sauraro. In gidanku na bakin titi ne inda 'yan adaidaita ke ta hon, ka roƙi aron ofishin wani malami a sashenku. Ni kaina an taɓa ɗauke wuta ina cikin jawabi, maƙwabci ya tayar da janareto a gindin tagata, na ƙarasa ina ta ihu ba mai ji na. Tun daga nan nake cika caji tun da dare, nake kuma tura wa mai shirya taro kwafin silaid ɗina, wato shafukan jawabin da ake nunawa a allo, kwana guda kafin ranar, ko da sabis ya yanke ni, shi ya ci gaba da nuna su.

Tambaya: Ina da ƙaramar sana'ar ɗinki a Tudun Wada. Wata ƙungiyar mata ta gayyace ni in yi magana ta Google Meet, har da mahalarta daga Landan. Na rubuta jawabina tsaf. In karanta shi kawai?

Amsa: Hajiya, kada ki karanta. Mai karatu kansa a sunkuye yake, muryarsa kuma ba ta hawa ba ta sauka. Ki rubuta kanun maganar a 'yar takarda ki manna kusa da kyamara, ki riƙa kallon ramin kyamarar, ba hoton fuskarki ba. Nan ne idon mutane yake.

Sannan ki rage gaisuwa. Mun saba a ɗakin taro a bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ranka ya daɗe, ranki ya daɗe, amma a intanet minti uku na gaisuwa asara ce. Sallama, godiya ga masu gayyata, sai ki shiga magana. Kada a shiga taron da waya biyu a ɗaki ɗaya lasifika a buɗe, shi ke kawo wannan ƙarar mai kama da fito. In kin gama naki ki kashe makirfo, kar duniya ta ji kina aiken yara cefane. Waya ta isa, ba sai kin sayi laftof ba. Ki dai jingina ta a kwance, kada ki riƙe a hannu.

Batun Landan kuma, ki tambaya da agogon wace ƙasa aka sa lokacin. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne, sauran watannin kuwa mun riga su da awa guda: ƙarfe 3 nasu a Disamba ƙarfe 4 ne a nan, sai ki san yadda za ki yi da La'asar.