Ku Tambaya Mu Amsa: Riyal 4,000 zai kai mu Alƙahira ni da uwargida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Ni a Jidda nake, wajen Bab Sharif nake aiki a shagon yadi, duk shekara ijazata, wato hutun aikina, a ɗaki nake cinye ta, to bana uwargida ta matsa wai sai mun je mun ga Alƙahira. Abin da na iya tarawa riyal 4,000 ne, mu biyu, kwana biyar muke so. Dan Allah zai isa? Kuma ina za mu sauka, me za mu hau, me za mu ci, don ni daga Kano sai nan ban taɓa zuwa ko'ina ba.
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida uwargida. Zai isa in sha Allahu, amma fa sai ka san inda kuɗin ke zurarewa. Mutanenmu in suna lissafin tafiya kuɗin abinci da mota suke tsoro, alhali a Alƙahira su biyun nan su suka fi komai arha. Takardu, tikitin jirgi da kuɗin shiga wuraren kallo, su ke cinye guzuri.

Fara da takardu, kada ka sayi tikiti tukuna. Ka duba iƙamarku, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da sauran kwana, fasfo kuma ya zama da aƙalla wata 6 a gaba. Huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ta fita ɗaya riyal 200 ce har wata biyu, ku biyu 400 kenan sun tafi tun ba ku taka filin jirgi ba. Bizar Masar kuma ka je ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke nan Jidda da kanka ka ji abin da suke nema ga irin fasfonka, ka bar zancen majalisa na "ai wane a can aka buga masa", wane ba fasfonku ɗaya ba. Sai biza ta fito sannan tikiti.

Jidda zuwa Alƙahira awa biyu da 'yan mintoci ne, jirage kuma ba sa yankewa, akwai flynas da flyadeal da Air Cairo da Nile Air ban da Saudia da EgyptAir. Masu arhar nan ka karanta da kyau, sau da yawa farashin da ka fara gani na jakar hannu ne kawai. Lokaci ma kuɗi ne. Da bazara in an ba da hutun makaranta mutanen Khalij, wato ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ke cika garin, tikiti ya hau, hayar gida ta hau, ga zafi. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, sai dai ku ɗauki rigar sanyi ta gaske, don wanda ya saba da Jidda sanyin daren Janairu a can zai ba shi mamaki. In ni ne sai in raba kuɗin haka: rabi na jirgi da takardu, wajen 700 masauki, 500 wuraren kallo, 400 ci da zirga-zirga, sauran in naɗe in ɓoye kamar ba ni da shi.

Canji yana wajenka. Riyal a ɗaure yake da dala a 3.75, su kuma Masar sun saki kuɗinsu a watan Maris na 2024, tun daga nan riyal ɗaya ya koma wajen fam 12 zuwa 13. Ka canza kaɗan a bankin filin jirgi, saura a cikin gari a banki ko shagon canji mai lasisi, ban da mutumin bakin titi. Kuma ka tafi da katin banki mai alamar Visa ko Mastercard, manyan wuraren tarihi yanzu da kati suke karɓar kuɗin shiga.

Masauki, ka nemi ƙaramin otal a Wust al-Balad, tsakanin Tahrir da Ataba, ko a Dokki, sharaɗin dai ya zama za ku iya takawa da ƙafa zuwa tashar metro. Wasu za su ce ka sauka Madinat Nasr tunda can yaranmu ɗaliban Azhar suka fi yawa, e za ka ji Hausa har ka samu tuwo, amma nesa take da abin da kuka je gani, kullum sai kun biya mota kun zauna cikin cunkoso. Ku je musu ziyara rana ɗaya ya wadatar. Ku riƙe takardar aurenku a jaka, wasu otal suna tambaya.

Metro ɗin nan shi ne gatanku. Tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka, tikitin da ya fi nisa ma bai wuce riyal 2 ba, kuma a tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla in uwargida ta fi son can, sai dai ku yi alkawarin tashar da za ku sauka kafin a rufe ƙofa. Tashar Sadat ita ce Tahrir, Mar Girgis ita ce tsohuwar Fusɗaɗ, Ataba ko Bab al-Sha'riyya su ke kusa da Azhar. Inda metro bai kai ba, har da filin jirgi, ka kira Uber ko Careem, wanda ke wayarka ɗin nan dai, ka sa layin can a filin jirgi da fasfonka shikenan. Farar tasi in direba ya ce mita ta lalace ka ce masa ma'assalama.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Larabcinka zai taimake ka sosai, amma Larabcin Hijaz ne, kuma ɗan kasuwar Masar da ya ji "abgha", wato "ina so" a bakin 'yan Saudiyya, ko ya ji ka ce daga Saudiyya kuke, farashi ya tashi, a ganinsa rijiyar mai ce ta shigo shago. In an tambaye ka ka ce Najeriya, ai ba ƙarya ka yi ba. Amma a ƙofar wurin kallo ba harshe ake dubawa ba, fasfo ne, akwai farashin 'yan ƙasa akwai na baƙi mai ninki da yawa, ku kuma na baƙi za ku biya duk da iƙamarku. Shi ya sa nake cewa ku zaɓi wuri biyu ko uku na biya, saura ku ci na kyauta, kuma wallahi na kyautan ba su fi na kuɗin ƙanƙanta ba.

Na biya: dalar Giza dole, shekara wajen 4,500 ke gare ta, ta Khufu asalin tsayinta mita 146. Ku je da sassafe ranar Juma'a lokacin tituna fayau, ku dawo ku samu salla. Shiga cikin dalar tikiti ne daban kuma ya fi na filin tsada, ramin matsattse ne ana hawa a sunkuye, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse ba komai ciki, ni dai ban ga dalili ba. Masu raƙumi za su yi ta binku, kai da ka zo daga ƙasar raƙuma me za ka yi da shi. Gidan tarihi ku ɗauki ɗaya: sabon babban da ke gefen dala, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamba 2025 kuma can kayan Tutankhamun suke, ko na Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin fir'aunoni a 2021, ko tsohon na Tahrir na 1902. Sabon ya fi tsada. In da ragowa sai Ƙal'ar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, daga sama kana ganin gari duka.

Na kyauta kuwa, ranar da za ku fi tunawa ita ce ta Azhar. An aza shi a 970, ku yi salla a ciki ku zauna a farfajiya, ka tuna mutanen ƙasarmu sun daɗe suna zama a nan, har ruwaƙi, wato sashen zama na musamman, aka ware wa ɗaliban Barno. Mansa Musa ta garin nan ya bi a 1324 zai zo hajji. Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu na Jalalainin da ake ja mana duk azumi, ɗan garin ne, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rasu a 1505 kuma nan aka binne shi, haka Imam Shafi'i. Daga Azhar ku tsallaka masallacin Husaini, ku bi titin Mu'izz a ƙafa daga Bab al-Futuh har Bab Zuwaila da yamma in an kunna fitilu. Wata ranar masallacin Amr bin As na wajen 642 da na Ibn Ɗulun na 879. Mai ajiye takalma dai a ba shi ɗan na goro, don haka kullum ka riƙe canji ƙanana, bakshish a can ba ya ƙarewa.

Abinci ba zan ja ba. Safe ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (ƙosansu) da aish baladi (gurasarsu), rana koshari (shinkafa da taliya da adas), kwanonsa bai kai kuɗin shawarma ɗaya a Jidda ba kuma zai riƙe ku har dare. In kewar gida ta taso ku nemi mulukhiyya, lalo ce, ko bamiya, kuɓewa ce, ga karkade ga ruwan rake a kowace kwana. Ku ci inda kuka ga layin 'yan gari, ruwa na gora. Gidan abinci mai kujerun alfarma yana ƙara haraji kashi 14 da ladan hidima wajen kashi 12 a kan abin da ka gani a takarda.

TAMBAYA: Malam ni direban gida ne a Madina, an ce yanzu mutum na iya ciro huruj wa auda da kansa a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ba sai da kafili, wato mai gidan aiki, ba. Haka ne?
Ɗan'uwanku a Madina

AMSA: Haka ne ga ma'aikatan kamfani, tun gyaran da ya fara aiki a Maris 2021. Amma gyaran bai haɗa da ma'aikatan gida ba, direban gida na cikinsu, don haka kai har yanzu kafilinka ne zai ciro maka. Ka same shi da wuri cikin lalama, kuma ka dawo kafin kwanan da aka rubuta ya cika. Wanda ba shi da iƙama kuwa kada ma ya fara wannan lissafin, fitarsa ba ta da dawowa.

TAMBAYA: Baba ina yini. Zan raka mahaifiyata Alƙahira, ina ya kamata mu yi tsaraba ba a cuce mu ba?
'Yarka daga Shara Mansur, Makka

AMSA: Lafiya lau 'yata, a gaida Hajiya. Kasuwar Khan al-Khalili ta kusa da Azhar ku je kallo ku sha shayi, in kin ga abin da ya shiga ranki ki taya ƙasa da rabi, in ya ƙi ki juya, zai kira ki. Sayayya ta gaske Ataba da Muski ne don kayan gida da takalma, yadi kuma Wikalat al-Balah a Bulaƙ, sai dai turmutsitsin ya fi ƙarfin tsohuwa, ki bar ta a masauki ki je da safe, jaka a gaba. In akwai malami a gidanku littattafai na Darb al-Atrak, lungun da ke bayan Azhar. Su littattafan nan nauyi gare su, ki sayi kilon kaya a manhajar jirgin tun kafin ranar dawowa, a kanta ya fi tsada.