Amsa ga mai tambaya kan dalar azurfa ta Morgan: kada ka wanke, kada ka yi gaggawar biya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka tun jiya, na bari sai na sami natsuwa don kada in ba ka amsa rabi da rabi. Ka ce kana da dalolin azurfa na Amurka guda uku na shekarar 1921 da kawunka ya bar maka, sun yi baƙi, kana son ka wanke su da toka da lemon tsami kafin ka kai kasuwa. Sannan wani dillali ya yi maka tallar wata ta 1889 mai alamar CC, wato bugun garin Carson City, a cikin gidan roba rufaffe, a farashin da kai kanka ka ce ya yi araha. Kana tambaya nawa ne darajar naka, kuma ko ka sayi waccan.

Zan fara da wanda ya fi gaggawa. Don Allah ka ajiye tokar nan. Na kusa shekara ashirin ina tara waɗannan sulalla, kuma asarar da ta fi yi mini ciwo da hannuna na jawo ta. A farkon shigata harkar na sami wata ta Carson City mai kyau, ta ɗan yi duhu ta gefe. Na samo man goge ƙarfe da tsumma na dirje ta har ta koma kamar madubi, ina ta murna. Da na aika wa kamfanin da ke auna ingancin sulalla ya ba su maki, sai ta dawo ba maki, an rubuta Details da Cleaned a jikin takardar, wato ta gaske ce amma an wanke ta. Wanda ya saye ta daga baya ko rabin abin da na sa rai bai ba ni ba, kuma bai zalunce ni ba. Dalili shi ne lokacin da injin ya buga kuɗin, azurfar takan malala daga tsakiya zuwa baki ta bar wasu siraran layuka da ido ba ya rarrabewa. Su ne ke ba ta sheƙinta na asali. Ka riƙe wadda ba a taɓa ba ƙarƙashin fitila ka ɗan karkata ta, za ka ga haske yana zagayawa a kanta kamar ƙafar keke tana juyi. Tsumma ɗaya ya isa ya share wannan, kuma ba ya dawowa. Baƙin da kake gani kuwa, masu saye ba sa ƙinsa in na asali ne. Wasu ma da suka daɗe jikin buhu sukan yi launi shuɗi da ja da ruwan zinare, ana ƙara musu kuɗi saboda shi.

Yanzu darajar naka. Gaskiyar ba za ta yi maka daɗi sosai ba, amma gara ka ji ta daga wurina. Dalar Morgan, wadda aka sa wa sunan mai zanenta George T. Morgan, an buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka tsaya, sai kuma aka sake bugawa a 1921. Ta 1921 ita ce mafi yawa a duk jerin. Gidan buga kuɗi na Filadelfiya kaɗai ya fitar da sama da miliyan 44 a shekarar, ban da na Danba da San Faransisko. Don haka in sun sha hannu, kuɗinsu bai wuce na azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba. Lissafin mai sauƙi ne: kowace tana da nauyin giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Zallar azurfar ta kama giram 24 da ɗigo, wato oza 0.7734. Ka duba farashin oza na ranar ka ninka, wannan shi ne ƙasan farashi, kada ka yarda kowa ya saye ƙasa da haka da nisa. Kuma ban ba ka shawarar aika su a auna ba. Kuɗin awo da na aikawa da inshora za su cinye ribar, har su taɓa uwar kuɗi. Abu ɗaya dai ka duba: a 1921 ɗin aka fara buga wata dalar daban, ta Peace, wadda a bayanta mikiya ke zaune kan dutse da fikafikai a naɗe. In taka ɗaya irin wannan ce, to magana ta canza, ta fi tsada sosai.

Mutanenmu da yawa suna ɗauka tsufa ne kuɗi. Na sha ganin wanda ya kawo azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tareza, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Borno da Kano, yana rawar jiki don an rubuta 1780. Ai kusan duk wadda aka buga bayan rasuwarta 1780 ɗin aka ci gaba da rubutawa, har wadda aka buga a zamaninmu. A dalar Morgan ma abu uku ne ke yanke farashi: shekara, gidan da ya buga, da yanayin da take ciki. Alamar gidan tana baya, ƙarƙashin mikiya, saman harufan D da O na kalmar DOLLAR. O na New Orleans ne, S na San Faransisko, CC na Carson City a jihar Nevada, D na Danba. In babu komai, ta Filadelfiya ce.

Batun yanayi shi ne inda ake auna maki, kuma nan ne kuɗi ke shiga da fita. Ana amfani da ma'aunin Sheldon, wanda ya fito a 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama ana sa MS a gaba, ma'ana kuɗin bai taɓa yawo a hannun mutane ba. AU daga 50 zuwa 58 shi ne wanda ya ɗan taɓu kaɗan. Kamfanonin da kasuwa ta fi amincewa da su biyu ne, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Su ne ke dubawa, su ba da maki, su rufe a roba da lambar shaida. In kana son koyon gani da idonka, wurare uku za ka riƙa kallo: gashin da ke saman kunnen matar, ƙirjin mikiya, da kumatu. Biyun farko su ne ke fara sulɓewa in kuɗi ya yi yawo. Kumatu kuwa nan ne tabon buhu ke fitowa, don dubu-dubu ake zuba su a buhun zane suna gogar juna. Tsakanin MS63 da MS65 sau da yawa 'yan tabo biyu ko uku ne a wannan kumatun.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne maki ɗaya ba farashi ɗaya ba ne. Ɗauki 1881-S da 1884-S. Ta farkon an ajiye buhunanta da yawa ba a taɓa ba, don haka MS65 ɗinta tana ko'ina, mai matsakaicin ƙarfi zai iya saye, kuma ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara da ita don bugunta yana da kyau ƙwarai. Ta biyun kuwa kusan duka an sake ta cikin kasuwa ta sha hannu. Tsohuwarta araha ce, amma da ta tsallaka daga AU58 zuwa MS sai farashin ya tashi ninkin ba ninkin. Tarihin ajiya ne ya raba su. A 1918 dokar Pittman ta sa aka narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270, ba tare da an rubuta shekarun da suka shiga wuta ba. Sannan akwai labarin 1903-O, wanda duk mai wannan sana'a ya kamata ya riƙe. Kafin 1962 ana lissafa ta cikin mafi wuyar samu, sabuwarta tana kai dala 1,500. A ƙarshen shekarar baitulmalin Amurka ya buɗe wani rumbu, buhunanta suka fito, farashin ya faɗo zuwa kusan dala 30. Haka ma na Carson City: tsakanin 1972 da 1980 gwamnati ta sayar da kusan miliyan 3 da ta tarar a ajiye, shi ya sa 1882, 1883 da 1884 masu CC suke samuwa sababbi fil cikin sauƙi.

To amma 1889-CC ba ta cikin waɗannan, kuma shi ne ya sa hankalina bai kwanta da tayin dillalinka ba. Guda 350,000 kacal aka buga, tana cikin manyan jerin tare da 1893-S da aka buga 100,000. Wadda ta sulɓe ma ɗaruruwan daloli ce, sabuwa kuwa dubbai masu yawa. Irin wannan ba ta zuwa da araha, don duk mai ita ya san abin da ke hannunsa. Kuma tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Wasu ƙerawa suke yi gaba ɗaya. Wasu kuma sukan ɗauki ta Filadelfiya ta 1889, wadda aka buga sama da miliyan 21, su manna mata CC a baya. Na taɓa riƙe irin wannan. Da ido ba ka ganin komai, sai da na sa gilashin ƙara girma na ga wani siririn duhu ya kewaye harufan, kamar sun zauna a kan azurfar maimakon su tsiro daga cikinta.

Kada robar ta ruɗe ka, ita ma ana yin jabunta. Ka karɓi lambar shaidar da ke jiki, ka shiga shafin kamfanin da sunansa ke kai ka sa ta. Amma fitowar lamba kaɗai ba ta isa ba, don masu jabu lambar gaske suke kwafa. In shafin ya nuna hoto, ka gwada tabo da tabo: ƙarcen da ke wuyan wannan yana wuyan waccan? In babu hoto, ka nemi lambar a tsofaffin gwanjo. In kamfanin da ke jikin robar ba ka taɓa jin sunansa ba, ka ɗauka kuɗin ba a auna shi ba. Sannan ka ce wa dillalin ya ba ka sharaɗin mayarwa a rubuce, na kwanaki, har ka nuna wa wani masani. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin wannan. In ya fara cewa akwai wani mai saye yana jira, ka yi masa fatan alheri ka bar shi.

Naka ukun kuwa, tunda ba sa cikin roba, gwajinsu ya fi sauƙi. Je wurin masu sayar da zinare ka roƙi a ɗora maka a ƙaramin sikelinsu. Wadda ta sha hannu za ta iya raguwa kaɗan daga 26.73, amma in ka ga giram 24 ko 22 to ba ita ba ce. Faɗinta milimita 38.1. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, in ya kama jabu ce, sai dai rashin kamawar ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ya kama ta. Kada ka bari kowa ya ɗiga mata ruwan gwaji ko ya goga ta a dutse. Ka riƙa kama su ta gefe, ka raba su kada su gogi juna, kuma kada ka sa su a leda mai laushi, don da damina takan bar musu wani kore mai danƙo da ke cin azurfa.

Ka ɗauko hoton gaba da bayan kowace a hasken rana, ba da fitilar waya ba, ka haɗa da nauyin da sikeli ya nuna da lambar da ke jikin robar dillalin, ka sa mana a nan. In Allah ya yarda zan duba maka su da daddare bayan na taso daga aiki.