Tambaya da Amsa: Waƙar Sujada ta Mawaƙa Ce ko ta Dukan Ikilisiya?

TAMBAYA: Ni mamba ce ta Zumuntar Mata a wata ikilisiya a Kafanchan. Tun da matasanmu suka samu jita da kibod da manyan lasifikoki, yawancin waƙoƙin sujadar Lahadi sun koma na Turanci, mu da dattawa kuwa sai dai mu tsaya muna kallo. Da muka yi magana, sai suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Shin laifi ne mu nemi a dawo da waƙoƙin da kowa zai iya rerawa?

AMSA: 'Yar'uwa, babu laifi a cikin wannan buƙata, domin tana da tushe a Littafi Mai Tsarki. A Afisawa 5:19 da Kolosiyawa 3:16, Manzo Bulus ya umarci masu bi su riƙa yi wa juna magana da zabura da waƙoƙin yabo da na ruhu, kuma ga dukan jama'a ya rubuta wannan umarni, ba ga wasu 'yan ƙalilan masu daɗin murya ba. A 1 Korintiyawa 14:15 kuma ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi ta da fahimta. Wanda bai san ma'anar kalmomin da ake rerawa ba, an hana shi rabin wannan.

A yankinku maganar ta fi nauyi. Tun daga zuwan mishan Wase ta Filato a 1904 da Garkida ta Adamawa a 1923, har zuwa fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ce ta zama harshen da ya tara kabilu dabam-dabam a ɗakin sujada ɗaya. Bajju da Atyap da Ham, ko Berom da Ngas a Filato, kowa da harshen gidansu, amma da zarar mai bi da sujada ya faɗi lamba a Littafin Waƙoƙi, sai baki ya zo ɗaya, har tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan bi daga farko zuwa ƙarshe da ka. Ikilisiyar da ta yi sakaci da wannan ta yi asarar abin da wa'azi kaɗai ba zai mayar mata ba.

Sai dai a yi wa matasan adalci. Yawancin waƙoƙin cikin littafin nan fassara ce daga Turai da Amurka, su ma a zamaninsu baƙi ne, kuma mai kunne ya san cewa karin wasunsu yakan lanƙwasa kalmar Hausa har ta fita daga yadda ake furta ta. A ganina ku mata kuka fi kowa gano maganin wannan, domin waƙoƙinku na bayarwa da amshi, da tulu da caki da kuge, suna bin yadda harshe yake tafiya, baƙon da ya shigo yau ma yakan kama amshin kafin a kai baiti na uku. Saboda haka jita ba ita ce matsalar ba. Abin dubawa shi ne ko ana jin muryar jama'a, ko kuwa lasifika ta danne ta.

Shawarata ita ce shugabar zumuntarku ta kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya, a zauna da shugaban mawaƙa ba tare da zargi ba. A nemi a rage ƙarar na'ura yadda na bencin baya zai ji na kusa da shi, a kuma daina ɗaukar waƙa da muryar da ta fi ƙarfin maƙogwaron tsofaffi. Duk sabuwar waƙa a koya wa jama'a ita baiti-baiti kafin a fara sujada, in ta Turanci ce a faɗi ma'anarta da Hausa. Ku kuma ku gayyaci masu kiɗan zuwa wurin koyon waƙarku na tsakiyar mako, su ɗora kayansu a kan amshinku, sannan ku roƙi a ba ku waƙar baiko ta Lahadi mai zuwa ku yi ta tare.