Amsa: Me ya sa BBC ta bar dattijo yana gabatar da shirin rawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa BBC ta bar Bruce Forsyth yana gabatar da Strictly Come Dancing, shirin gasar rawa na talabijin a Birtaniya, har ya haura shekara 80, alhali ga matasa birjik. Gaskiya ban ji daɗin yadda ka yi magana kamar alfarma aka yi masa ba.

An haifi mutumin nan a 1928, ya fara fitowa a talabijin a 1939 yana ɗan shekara 11. Shi kansa gwanin rawa ne, irin wadda ake buga ƙasa da takalmi mai ƙarfe, saboda haka ya san zafin da masu gasar suke sha. Shirin kuwa kai tsaye ake watsa shi daren Asabar. Idan mai rawa ya zame a gaban miliyoyin jama'a, ko alƙalai suka yi masa kaca-kaca, Bruce ne zai dafa kafaɗarsa, ya jefa kalma ɗaya, zauren ya ɗauki dariya, kunyar ta wuce. Wannan ba a koyonsa cikin shekara biyu, kuma ni a lokacin saboda shi nake zaman kallon.

Na yarda, a ƙarshe harshensa yakan sarƙe wajen karanta rubutu, wasu barkwancin ma sun sha jiki. To sai me? A 2013, yana da shekara 85, ya hau dandalin bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury a Ingila ya yi wasa. Kuma ba korarsa aka yi ba, da kansa ya sauka a 2014.