Ƙanina, kafin ka nemi bizar Basalona

Salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya? Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ka ce ka gama digirin farko, kana so ka zo Basalona, nan ƙasar Sifaniya, ka ƙaro karatu a fannin yawon buɗe ido da tafiyar da otal, kana yi kana taɓa ɗan aiki, in ka gama ka koma Bauchi ka ga abin da za a iya yi da Yankari. Ka ce garin da baƙi suka cika haka ai aiki ba zai yi wuya ba. Can ƙasa kuma ka tambaya, kamar da wasa, wai da gaske ne 'yan gari na fesa wa baƙi ruwa a titi, in kuwa haka ne kai baƙar fata ina za ka sa kanka.

Da gaske ne. A watan Yuli na 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga, wasunsu riƙe da bindigar ruwa irin ta wasan yara, suna fesa wa masu cin abinci a bakin titi, suna cewa su koma inda suka fito. Amma ba da irinmu suke ba. Mai bindigar ruwan nan ba ruwansa da wanda ya zo wankin kwanuka. Haushinsa na kan wanda ya zo kwana uku da akwati mai taya, ya kama gidan da a da maƙwabcinsa ke ciki. Wariya tana nan, ba zan ɓoye maka ba, za ka gamu da ita wajen neman ɗaki, sai dai wannan wata magana ce daban. Abin da nake so ka gane shi ne, ranar da ka sauka, kukan masu zanga-zangar nan zai zama naka, alhali albashinka daga aljihun waɗanda suke kora zai fito. A wannan tsaka mai wuya na shafe shekaru.

Lissafinka na farko ba laifi. Sifaniya ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 94 a 2024, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba. Basalona kanta wajen mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai ne, kuma tun wasannin Olamfik na 1992, da aka share tsofaffin masana'antun bakin teku aka zuba yashi aka yi wurin shan iska, ƙafar baƙi ba ta ɗauke ba. Jiragen ruwa na shaƙatawa kaɗai suna sauke sama da mutum miliyan 3 a shekara. Aiki akwai. Ni kaina da wankin tukwane na fara, yanzu ina teburin karɓar baƙi da dare a wani otal, da shi nake ci, da shi nake aike gida. Ba zan zagi rijiyar da nake sha ba.

Abin da bidiyon La Rambla, titin shaƙatawar da baƙi suka fi cika, ba zai nuna maka ba shi ne inda mai kawo abincin yake kwana.

Da na zo, a unguwar Raval na zauna, mu uku a gida ɗaya, tafiyar minti goma zuwa wurin aiki. Akwai mahaucin halal a ƙasanmu, akwai masallaci a lungu na gaba. Tsohuwar da ke hawa na biyu, a gidan aka haife ta, kullum sai ta tsayar da ni ta gyara min harshe. Sai maƙwabta suka fara canjawa. Ka fita da safe ka ga wasu Turawa da jakunkuna, bayan kwana huɗu ka ga wasu. Aka maƙala wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a bakin ƙofa, a ciki ake bar musu mabuɗi. Ƙarfe uku na dare ka ji tayoyin akwati a kan matakala, ƙurr, ƙurr. Shagon mai gyaran takalmi ya koma wurin hayar keke. Da yarjejeniyarmu ta ƙare, mai gidan bai yi faɗa da kowa ba, ya dai ce ba zai sabunta ba. Ban ga laifinsa sosai ba, don abin da muke ba shi a wata, baƙi za su ba shi a mako ɗaya da 'yan kwanaki. Yau ina wajen gari, sai na hau jirgin ƙasa na kusan awa guda. Tsohuwar nan ma ta tashi, ta koma wurin 'yarta.

Ba ni kaɗai ba ne. Magajin garin, Jaume Collboni, da bakinsa ya faɗa a Yunin 2024 cewa kuɗin haya ya tashi da kashi 68 cikin ɗari a shekara goma, ya kuma sanar cewa gidaje 10,101 da ke da lasisin saukar 'yan yawon buɗe ido za su rasa lasisin zuwa Nuwamban 2028, su koma wa mazauna. Wadda ta riƙe kujerar kafin shi, Ada Colau, ta dakatar da ba da lasisin sababbin otal tun 2015. Yanzu ɗora wannan a kan naka lissafin: mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 1,184 ne a wata, hayar gida matsakaici a cikin gari kuwa ta haura Yuro dubu. Kai kuma da bizar ɗalibi awa 30 doka ta yarda ka yi a mako, ba cikakken aiki ba. Da yawan ayyukan ma na kaka ne, a kira ka lokacin zafi, sanyi na shigowa a ce ka jira waya. Masu gidaje ba za su ce baƙi ne kaɗai suka jawo tsadar ba, kuma suna da gaskiya, don ba a gina gidaje isassu ba. Amma wanda ya ga akwatin mabuɗi a ƙofarsa ba ya bukatar dogon bayani.

Sai ruwa. Kai da ka tashi kana jin kukan mai kurar ruwa da asuba, wannan zai ba ka mamaki a Turai. Kataloniya, yankin da Basalona take, ta yi shekara uku cikin fari. Madatsar Sau ta janye har tsohuwar cocin da ruwa ya binne tun da aka yi dam ɗin ta fito fili gaba ɗaya, mutane na zuwa ɗaukar hoto. Ranar 1 ga Fabrairun 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci, madatsu sun sauka ƙasa da kashi 16 cikin ɗari. Aka yanke wa kowane mutum lita 200 a rana, har da abin da hukuma ke kashewa a madadinsa. Manoma aka rage musu ruwan ban-ruwa da kashi 80 cikin ɗari. Aka rufe famfunan wanka na bakin teku, aka hana wanke mota da tiyo. A gida na ajiye bokiti a banɗaki ina tare ruwan farko kafin ya yi ɗumi, alwala kuwa da 'yar gora. In na zo aiki sai in tarar da takardar da muka liƙa a kowane ɗaki muna roƙon baƙo ya yi haƙuri ya sake amfani da tawul ɗinsa. Roƙo ne, ba doka ba. Wani dare wani ya kira ni ƙarfe biyu yana faɗa, wai an cire toshiyar bahon wanka, shi kuma ya biya kuɗinsa, so yake ya cika shi ya jiƙa jiki. Na ba shi haƙuri cikin ladabi, don aikina ke nan. A raina kuwa manomin da aka hana ruwa nake tunani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matan da ke gyaran ɗakuna su ma kura ne a wannan wasa. Suna da ƙungiya, Las Kellys, da suka kafa a 2016, da yawansu 'yan ci-rani, saboda otal-otal da dama sun miƙa aikin ga kamfanonin 'yan kwangila masu biya ƙasa. Ina ganinsu in zan tashi da safe su kuma suna shigowa, wata na haɗiyar maganin ciwon baya da kofi kafin ta ja kekenta. In malaminku ya zana muku yadda kuɗin baƙi ke zagayawa cikin gari, ka tambaye shi nawa ne ke isa hannun wannan matar.

Ba wai an naɗe hannu ba ne, kuma nan ne nake ganin zuwanka zai yi amfani, in ka buɗe ido. Tun 2012 duk baƙon da ya kwana a otal yana biyan haraji a kan kowane dare, birnin kuma ya ɗora nasa a kai, har an ware wani kaso ana saka wa makarantun gwamnati na'urar sanyaya ɗaki. Park Güell, lambun da mai zanen gine-gine Gaudí ya tsara, tun 2013 baƙo ke biyan kuɗin shiga, maƙwabtan wurin kuma suna shiga kyauta. An yi yarjejeniyar rage tashoshin jiragen shaƙatawa daga bakwai zuwa biyar. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta bas mai lamba 116, 'yar ƙaramar mota da ke hawa tudun unguwar lambun. Baƙi suka cinye ta, tsofaffin unguwa da sandunansu suna tsaye ba wurin zama. A 2024 sai aka sa aka goge ta daga taswirar Google. Motar na nan tana aiki, baƙo ne dai wayarsa ba ta gaya masa. Tsofaffi suka samu kujera. A Benis ta Italiya kuwa, wadda mazauna tsakiyarta suka ragu ƙasa da dubu 50, har kuɗin shiga gari suka sa a 2024, Yuro 5 a wasu ranaku.

Ra'ayina, duk waɗannan ɗinki ne bayan riga ta yage. Shekara talatin ana ƙirga nasara da yawan kawunan da suka sauka, ba wanda ya ƙirga mazaunan da suka tashi. Shi ya sa nake cewa ka duba manhajar makarantar da kyau. In duk abin da za su koya maka shi ne yadda ake tallata wuri da cika ɗakuna, wannan a bakin aiki ma za ka koya. Nemi wadda ke koyar da yadda ake auna nauyin da wuri zai iya ɗauka, da rabon ruwa, da shara, da dokar lasisi, da yadda ake zama da mutanen unguwa kafin a sa hannu a takarda.

Na san za ka ce Yankari ƙarancin baƙi ke damunta, ba yawansu ba. Haka ne, matsalarku hanya ce da tsaro da gyara. Amma tambayoyin ba su canja ba. Manomin da giwa ta shiga gonarsa a ƙauyukan gefen dajin, me yake samu daga kuɗin ƙofa? Ruwan ɗumi na Wikki da baƙi ke wanka a ciki, mutum nawa zai ɗauka a rana kafin ya koma kududdufi? Gara a amsa su tun wurin na shiru. Basalona sai da aka fara fesa ruwa a titi tukuna.

In ka ƙudura zuwa, to kada ka sayi tikiti sai ka san inda za ka kwana, kuma ka tabbata mai ɗakin zai bari ka yi rajistar zama da adireshin a ofishin ƙaramar hukuma, abin da suke kira padrón, don kusan duk wata takarda da za ka nema sai an tambaye ta. Kada ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da ba wanda ya gan shi da ido. Ka fara Sifaniyanci tun yau, Turanci kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, in ka iso kuma ka ɗora da Katalanci, akwai azuzuwan farko masu sauƙin kuɗi, kuma fuskar 'yan gari na sakewa in ka gaishe su da shi. Ka zo da kuɗin da zai riƙe ka wata shida ko da ba ka samu aiki ba.

Turo min sunayen makarantun da kake dubawa da jerin darussansu, ina hutu ranar Laraba, zan zauna in duba. Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun kafin azumi.